Takarda Mai Gida Talatin da Shida

Kurfi, 5 ga Yuni, 1961

Zuwa ga ɗana Atiku, malamin makaranta a Dutsin-Ma.

Bayan gaisuwa, ga labarin gida. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da ka sani. Yayarka Sakinatu ta zo daga Wurma ta kwana uku ta koma, jaririnta yana haƙori, yana ɗan zawo. Gwaggonka Fatu ta tashi daga masassara. Baffanka Ɗanmusa kuwa yana kwance, kurkunu ya fito masa ƙafa biyu, ko masallaci sai an riƙa shi. Jan bijiminsa na huɗa ya kumbura ya faɗi ranar Talata, ko wuƙa ba a samu sa masa ba. Matarsa Turai lafiya lau, bakinta ya fi na kowa lafiya.

To, yanzu ka natsu.

Da ka zo Ƙaramar Sallah ka kawo wa Baffanka irin dawa na malaman gona, ƙunshe a takarda, ya sa a rumbu. Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Da yake shi ba ya iya hawa, Turai ce ta shiga ɗauko irin. Tana kwance ƙunshin sai ta ga takardar an zana mata gida-gida, shida a tsaye shida a kwance, kowane gida da lamba a ciki. Ta diro tana salati, maƙwabta suka cika gida.

Aka kira Malam Ummaru limamin unguwa. Ya ce shi bai san lambobin boko ba, a samo mai karanta masa. Aka ce ai ga Zinariya, ta yi Yaƙi da Jahilci. Ni kuwa wawuya na gyara lulluɓi na fito ina jin daɗi yau karatuna zai yi rana. Na karanta masa ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa a allonsa da lambobin Larabci. Layin farko shi ne 142857. Da ya gama ya tara kowane layi a kwance, ashirin da bakwai. Ya tara a tsaye, ashirin da bakwai. Can ya ce wannan ya yi kama da hatimi, amma ba zai ƙara magana ba sai ya duba. Turai ba ta jira dubawarsa ba. Kafin la'asar har 'yan mata masu tallar fura sun san ɗan Zinariya ya binne wa Baffansa sammu a rumbu.

Ka ga abin da ka sa na yi? Da bakina na karanta musu abin da za su rataye ka da shi.

Kuma kai ne, a Sallar nan, ka buɗe baki gaban mutane ka tambayi Baffanka yaushe zai sakar maka fadamar mahaifinka. Na harare ka, ka yi kamar ba ka gani ba. Yanzu sun haɗa fadama da takarda da bijimi da ƙafa, sun ƙulla igiya guda.

Baffanka ya rantse zai raba gidan nan da darni, tun daga zaure har bayan ɗakina, ya huda mini ƙofa ta wajen juji. Rijiya tana ɓangarensa. Shekara talatin da huɗu ina cikin gidan nan, a nan na wanke ku, daga nan aka fitar da gawar mahaifinka. Yau za a mai da ni maƙwabciya, in riƙa sallama kafin in ja guga.

Ba na son kwana-kwana. Mece ce takardar nan? Wa ya ba ka ita? In wani ne ya ja ka wurin boka a Dutsin-Ma, ka faɗa mini, ni na haife ka. Ka ba Garba mai jakuna amsa in ya juyo daga kasuwa.

Mahaifiyarka, Zinariya


Dutsin-Ma, 9 ga Yuni, 1961

Zuwa ga Inna.

Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo. Allah ya ba jaririn Yaya Sakinatu lafiya. Ni lafiya lau, na kuma karanta wasiƙarki.

Inna, har ke? Har ke za ki tambaye ni ko na je wurin boka?

Takardar darasi ce. Na shirya wa 'yan aji bakwai ita, na gama da ita, na rasa abin ƙunshe iri na yago ta. Gida-gidan da kuka gani haka littafin lissafi yake zuwa, ni dai na bi layin da alƙalami don yara su gani da kyau.

Lambar ita ce dubu ɗari da arba'in da biyu da ɗari takwas da hamsin da bakwai. Ba aljani ya kawo ta ba. In aka raba ɗaya gida bakwai ita ce ke fitowa, ta ƙare ta sake farowa, har abada. Layi na biyu ita ce sau biyu, na uku ita ce sau uku, har zuwa shida. Abin da ya sa nake koya wa yara ita, duk yadda aka ninka ta daga ɗaya zuwa shida, lambobinta shida ɗin nan ne ke dawowa, 1, 4, 2, 8, 5, 7, sai dai su sake wurin farawa, kamar mata shida suna zagaya turmi. Ba za ki taɓa ganin 3 ko 6 ko 9 a ciki ba. To tun da lambobin ba su sake ba, yaya jimlarsu za ta sake? Dole kowane layi ya ba da ashirin da bakwai. Mara ce, ba cika ba, wato ba ta rabuwa biyu daidai. Tana rabuwa gida uku, da tara, da sha ɗaya, da sha uku, da ashirin da bakwai, da talatin da bakwai, ba saura. Wannan shi ne dukan asirinta, kuma yaro ɗan shekara goma sha uku ya san shi a nan.

Kurkunu kuwa daga ruwan tafki ake shan sa. Sau nawa na ce wa Baffa ya bar shan ruwan tafkin gona? Bijimi ya ci ɗanyen gyauron dawa ya kumbura, kowane Bafillace ya san wannan. Amma da yake an fi son a ce ɗan marigayi ne, sai a ce ɗan marigayi ne, don a ci gaba da cin fadamarsa ba mai tari.

Ba zan zo ba. Jarrabawar yara ta matso, hedimasta ba zai sake ni ba, kuma ko ya sake ni ba zan taka tun daga nan in durƙusa gaban taron jahilai ina rantsuwa a kan takardar aji ba. Mutumin da bai san bambancin lissafi da tsafi ba, in ya ga dama ya kafa darni har sama. Ki nuna wa Malam Ummaru bayanin nan, in yana da abin ganewa zai gane.

Ɗanki, Atiku


Kurfi, 23 ga Yuni, 1961

Atiku.

Muna lafiya. Ƙafar Baffanka ɗaya ta fashe, ana naɗe tsutsar a tsinke. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Kwana goma sha biyu ina leƙen hanya. Gulbi ya kawo, Garba ya maƙale a Dabawa da jakunansa. Ni kuwa ina nan ina cewa shirun nan na mai laifi ne. Har na daina fita gidan suna, don in na shiga sai hira ta mutu.

Da Garba ya iso ina gidan Fatu. Ya yi abin da kowa ke yi, ya miƙa wasiƙa ga maigida a zaure. Wane ne maigida? Kai da ka yi karatu har Katsina ba ka san wasiƙar da ta shigo gida hannun wa take fara faɗawa ba? Baffanka ya sa aka kira malamin asibitin dabbobi da ya zo duba sauran shanu, ya karanta ta da ƙarfi. Akwai mutum tara a zauren, har da Malam Ummaru. An ce da ya kai wurin “taron jahilai” sai ya tsaya ya yi tari, Baffanka ya ce, “Ci gaba, ai da mu ake.” Ya ci gaba har “in yana da abin ganewa”.

Malam Ummaru ne ya raɗa maka suna. Shi ya koya maka Fatiha. Ya tashi ya sa takalmansa ya fita.

Washegari aka kawo dirkokin kafa darni. Yanzu haka guda goma sha ɗaya suna tsaye a tsakar gida, na ƙarshen a daidai inda nake shanya kuka. Turai tana wucewa tana shafa su kamar 'ya'yanta. Jiya ta ce mini, “Yaya, ki ja ruwa ki ƙoshi tun da sauran dama.” Na ce, “Turai, rijiyar nan da aka haƙa ta ni na dafa wa mahaƙa tuwo, ke kina gidanku kina wasan ƙasa.” Na juya na shiga ɗaki.

Na je na sami Malam Ummaru da kaina. Mutumin kirki ne, ya fi ka haƙuri nesa. Ya ce zancen boko a takarda ba hujja ba ne, don mai laifi ma ya iya tsara zance. Amma in har lissafi ne kamar yadda ka ce, to duk wanda ya bi hanyar zai isa wurin, ba sai mai asiri ba. Ya roƙi Baffanka kada a ɗaura zana sai bayan Juma'a ta bakwai ga wata mai kamawa. Ranar, bayan an sauko masallaci, wani ya zo ya fitar da layukan nan shida a gaban mutane, ba tare da ya kalli takardar ba.

Kai ka ce ba za ka zo ba. To ni zan yi.

Kada ka yi mini dariya. A Yaƙi da Jahilci Malama Azumi ta koya mana tarawa da ɗebewa, ba mu kai ga “sau” ba aka rufe ajin. Bayaninka na karanta shi sau biyar, ban gane raba ɗaya gida bakwai ba, ɗaya ai ɗaya ce. Ka rubuto mini hanyar da tsohuwa za ta bi da tarawa kaɗai. Ka rubuta manya-manya. Kuma ka ce wa Garba hannuna, ba zaure ba.

Zinariya


Dutsin-Ma, 28 ga Yuni, 1961

Inna,

Ina gaisuwa. Ban san za a karanta a zaure ba. Ke na rubuta wa, raina a ɓace. Na ji nauyin Malam Ummaru ƙwarai. Amma abin da na faɗa game da fadama gaskiya ne, ba zan janye ba.

Ban so ki tsaya gaban maza saboda ni ba. Tun da kin ƙudura, ga hanya, tarawa ce zalla.

Ki rubuta 142857. Ki sake rubuta ta a ƙarƙashinta, kowace lamba daidai ƙasan 'yar'uwarta. Ki fara daga dama. Bakwai da bakwai sha huɗu, ki rubuta huɗu ki riƙe ɗaya. Biyar da biyar goma, da ɗayan da kika riƙe sha ɗaya, ki rubuta ɗaya ki riƙe ɗaya. Haka har ƙarshe. Za ki sami 285714, layi na biyu ke nan. A kansa ki sake ƙara 142857, ki sami na uku. Kullum ita dai za ki riƙa ƙarawa. In kin ga 3 ko 6 ko 9 ko sifiri ya fito, kin yi kuskure, ki koma.

In kin kai layi na shida kada ki tsaya. Ki ƙara sau ɗaya. Ba zan faɗa miki abin da zai fito ba, ina so ki gani da idonki.

Abu na biyu. Na tambayi wani dattijo a nan wanda ya san hatimi. Ya ce hatimi na gaskiya sai jimlarsa ta daidaita a kwance, da tsaye, da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa. Ki roƙi Malam ya tara kusurwoyin tawa takardar.

Wani abin kuma, in kin raba ta biyu, 142 da 857, kika tara, ki ga abin da za ta ba ki. Wannan don jin daɗinki ne kawai.

Hutu sai ƙarshen watan gobe. Kafin nan ba na jin zan samu fita.

Ɗanki, Atiku


Kurfi, Asabar, 8 ga Yuli, 1961

Zuwa ga Atiku.

Kowa lafiya. Baffanka ya fara takawa da sanda. Jaririn Sakinatu haƙora biyu sun fito. Ni idona ke ciwo, kai ka jawo.

“Don jin daɗinki.” Ana kafa mini itace a tsakar gida kana aiko mini da abin wasa. Na tara, ɗari tara da casa'in da tara ne, na gani, ban ji daɗin komai ba.

Kwana takwas na yi ina fama. Takarda ta ƙare na koma bayan faranti da gawayi, faranti ya ishe ni na koma ƙasan ɗaki. Riƙe ɗayan nan shi ya fi ba ni wuya, sai in riƙe shi in manta da shi. Daga baya na samo dabara, duk sanda na riƙe ɗaya sai in sa ƙwayar gyaɗa a baki, in na mayar da shi in tauna. Tuwo ya ƙone mini sau biyu. Turai ta leƙo ta ga ƙasa duk zane, ta fita tana cewa ashe a nono ya sha.

Jiya bayan Juma'a zaure ya cika har waje. Aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar cikin gida. Malam Ummaru ya ninke takardarka ya sa a aljihu. Ya ba ni layin farko kawai, ya ce bismilla. Garba ya tsuguna kusa da ni don ya shaida ba na leƙen komai.

Na yi na biyu, na karanta da ƙarfi, Malam ya duba allonsa ya ce haka ne. Na yi na uku, haka ne. A na huɗu sai ga 3 ta fito. Wani daga waje ya ce, “Aljanin ya gudu.” Aka yi dariya. Na ce, “Ba aljani ba ne, Ɗanjuma, gyaɗa ce ban tauna ba.” Na goge na sake, 571428. Malam ya ce haka ne. Na biyar, na shida, duk haka ne.

Na ce, “Malam, da saura.” Na ƙara ta bakwai. Ban taɓa gwada ta a ɗaki ba, don tsoro nake ji, ban san abin da ka ɓoye mini ba. Tara ta fito. Na ce na yi kuskure. Wata tara ta fito. Na ci gaba, tara, tara, tara, tara. Guda shida a jere kamar an shuka su.

Malam ya karɓi farantin, na karanta masa. Ya yi nasa lissafin a allo da lambobinsa, irin yadda yake yi in ana rabon gado. Ya daɗe. Sai na ga gemunsa yana motsi, ashe dariya yake yi. Ya ce, “Subu'i ne. Kashi ɗaya cikin bakwai ne na dubu dubu, saura ɗaya ya cika. Ɗanmusa, wannan ko ni na iya shi, ban dai taɓa bin sa har nan ba.” Na roƙe shi ya tara kusurwoyi. Ɗaya ta ba da talatin da ɗaya, ɗaya ashirin da uku. Ya ce hatimin da kusurwarsa ta karkace, ba sunan Allah, ba sunan mutum, ko kaza ba zai kama ba. Ya faɗa a gaban kowa cewa ba sammu a takardar nan, wanda ya sake faɗa ya ɗauki alhaki. Turai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Kana tsammani an gama ko?

Baffanka bai yi dariya ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce, “Na yarda takardar nan ba ta kashe mini sa ba. Na zalunci yaron a nan, Allah ya yafe mini. Amma ni na ɗauke shi a wuya na kai shi makarantar nan da yake taƙama da ita, ranar da ubansa ya ce ba za shi ba. Yau ni ne taron jahilai. Takarda an wanke ta. Wasiƙa fa, wa zai wanke?”

Ya ce dirkoki suna nan. In ka zo ka tsuguna a zauren da aka karanta zaginka, ka nemi gafararsa da ta Malam, shi da kansa zai tumɓuke su, kuma a zauna maganar fadama a gaban Malam, a ba ka abin da yake naka. In ba ka zo ba, ranar Alhamis sha uku ga wata zai ɗaura zana.

Yanzu ka ji nawa. Shekara arba'in da bakwai na yi ban san alif na boko ba. Wanda kuka kira jahili, da ni a ciki. Jahilar ce ta zauna gaban maza da faranti da gawayi, ana mata dariya, ta fitar da kai. Kai mai ilmin kana Dutsin-Ma kana jiran hutu. Lissafinka daidai ne, na gwada shi da hannuna, ba wanda zai sake gaya mini ɗana boka ne. Amma Baffanka ma daidai ne, kuma wannan ba na bukatar gyaɗa kafin in gane shi.

Gulbi ya janye. Garba ya ce in mutum ya fito da asuba da keke, kafin azahar yana Kurfi. Ka gaya wa hedimastanka uwarka ce ke kira, in bai san uwa ba ka ba shi wannan ya karanta.

Ina son amsarka kafin Alhamis, kuma amsar da nake so mai ƙafafu ce. In Alhamis ta yi ban gan ka a zaure ba, ba zan yi kuka ba, ba zan roƙi kowa ba. Zan fito in tsaya kusa da Baffanka, yana ɗaura zana ina miƙa masa igiya.

Mahaifiyarka, Zinariya